Dutsen Kantar Kicin: Ki Duba Kafin Ki Saya

 

A wannan mako zancenmu a kan dutse ya ke. Ba dutsen niƙa na kakanninmu ba, ko da ya ke danginsu ɗaya. Ina nufin allon dutsen nan mai santsi da sheƙi da a ke shimfiɗawa bisa kantar kicin, inda uwargida ke yanke-yanke da kwaɓe-kwaɓe da wanke-wanke. 'Yan kasuwa suna kiransa giranit. Yanzu da wuya ki shiga sabon gida a birni ba ki tarar da shi ba, har ma wasu iyaye sun fara lissafa shi cikin gyaran gidan amarya.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne abin da ya sami wata maƙwabciyata. Baiwar Allah nan shekara guda cur tana zubin adashe don ta gyara kicinta. Da ta kwasa, sai ta damƙa wa maigidanta kuɗin, shi kuwa ya ɗauki birkila suka tafi kasuwa, suka zo da wani dutse fari sol, gwanin sha'awa. Ranar da aka girka shi har guɗa aka yi. Ba a yi wata uku ba sai ga shi ya yi dabbare-dabbare: nan shatin gindin kofin zoɓo, can wurin da aka matse lemun tsami ya dushe, ga tabon manja ya zauna daram ya ƙi fita. Ashe ba giranit aka ba su ba, mabul ne. Kantar kuma an yi ta gajeriya, ita ko doguwar mace ce, kullum ta gama girki sai ta riƙe ƙugu. Maigidan bai yi da mugun nufi ba, iyakar saninsa ke nan. Kuskuren ɗaya ne: wadda za ta yi aiki a wurin ba ta je ba, ba a kuwa tambaye ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

To, don kada irin wannan ta same ki, ga abin da ya kamata ki sani.

Mene Ne Giranit?

Giranit dutse ne da Allah ya halitta can ƙarƙashin ƙasa. Masana sun ce asalinsa narkakken dutse ne mai tsananin zafi, wanda ya huce sannu a hankali cikin shekaru masu ɗimbin yawa. Sabo da jinkirin hucewar nan ne ya yi ƙwaya-ƙwaya manya waɗanda ido ke iya gani. Sunansa ma daga wata kalmar Latin ya samo asali wadda ke nufin ƙwaya. In kin ƙura masa ido za ki ga iri uku a gauraye: akwai mai kama da fasasshen gilashi, shi a ke kira kwaz, akwai fari ko ja-ja, watau felsfa, sa'an nan akwai ɗigo-ɗigo baƙi mai walƙiya, watau maika.

Ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi giranit ne, kuma masana sun ƙiyasta irinsu sun kai wajen shekara miliyan 600. Duwatsun da suka kewaye garin Dutse, da manyan curarrun nan na cikin Damagaram, su ma giranit ne. Na Jos ƙannensu ne, amma su ma sun haura shekara miliyan 140, kuma a jikinsu aka sami kuzar da ta sa garin ya yi suna. Dutsen niƙan da kakarki ta gada wurin tata kakar, sau da yawa daga irin wannan dutse aka sassaƙo shi. Kin ga ke nan ba yau matan Hausa suka san ƙarkonsa ba.

Na kasuwa kuwa, akwai wanda a ke yankowa a nan gida, akwai na waje. Ƙasashen da suka fi fitar da shi su ne Indiya da Barazil da Sin. Za ki ji masu sayarwa suna ambaton sunaye. Black Galaxy baƙi ne mai ɗigon ruwan zinariya, daga jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Tan Brown ja ne mai duhu da baƙi, shi ma daga Indiya. Blue Pearl daga Larvik ta ƙasar Norwe ya ke fitowa, Baltic Brown kuma daga Finlan. Akwai kuma baƙi wuluk daga Mutoko ta Zimbabuwe. Kada suna ya ruɗe ki. Dutse na waje bai fi na gida ba don kawai ya hau jirgin ruwa. Abin dubawa shi ne halinsa, yanzu kuwa za mu zo kan yadda a ke gane shi.

Kama Da Wane Ba Ta Wane

Abu biyu ne ke yi wa giranit kama a kasuwa.

Na farko mabul. Kyakkyawa ne ƙwarai, yana da zane-zane kamar hayaƙi, amma ragon dutse ne. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10. Daimon shi ne 10. Giranit yana tsakanin 6 da 7, wuƙar kicin wajen 5 da rabi, mabul kuwa wajen 3. Watau wuƙarki tana iya karce mabul, amma ba ta iya yi wa giranit kome. Bayan wannan, mabul dangin farar ƙasa ne, tsami yana cinsa. Ki tuna abincinmu: tsamiya, zoɓo, yakuwa, tumatir, lemun tsami, nono. Duk wanda ya zuba a kan mabul aka bar shi, sai ya cinye sheƙin wurin. Mabul ya dace da daɓen falo ko bango, ba da kicin Bahaushiya ba.

Na biyu shi ne wanda a ke kira kwaz na masana'anta. Wannan ba yanko shi aka yi daga dutse ba. Garin dutse ne, wajen kashi 90 cikin 100, aka kwaɓa da wani irin ƙaro aka matse. Ba ya shan mai, launinsa kuma bai ɗaya ne, amma ba ya son zafi: tukunya daga wuta tana iya ƙona shi ta bar tabo. Ba laifi ba ne ki saye shi in shi ki ke so, muddin kin san abin da ki ka saya.

Gwaji Biyar

Zuwa da kai ya fi aike. Ki roƙi maigida ku tafi tare, ko ki tafi da ɗanki ko ƙanenki. In fita ba ta yiwu ba, to a kawo miki gutsattsarin duwatsu uku ko huɗu gida. Kowane mai sayarwa yana da ragowar yanka, ba kuwa zai hana ba in da gaske ya ke. Kada ki zaɓa daga hoton waya, wannan cinikin biri a sama ne.

Na ɗaya, gwajin tsami. Ki ɗiga ruwan lemun tsami a kan gutsuren, ki bar shi minti goma, ki goge, ki karkata shi wajen haske. In wurin ya dushe ko ya yi fari-fari, dutsen yana da farar ƙasa a jikinsa. Ki ajiye shi.

Na biyu, gwajin ruwa. Ki zuba ruwa cokali ɗaya ki bar shi kamar kwata. In kin goge ki ka ga wurin bai sake ba, dutsen a matse ya ke. In ya yi duhu nan da nan, mai shan ruwa ne, wanda ya sha ruwa kuwa zai sha mai.

Na uku, gwajin manja. Ki ɗiga kaɗan da dare, da safe ki wanke da sabulu. Wannan shi ne gwajin da ya fi muhimmanci gare mu, don babu abin da ke ɓata dutse mai haske kamar manja da kurkur.

Na huɗu, gwajin wuƙa. Ki ja bakin wuƙa a kai da ɗan ƙarfi. Giranit na ainihi ba zai karcu ba. In kin ga wani layi mai launin toka, ki murza da yatsa: in ya goge, ƙarfen wuƙar ne ya shafu a kai, ba dutsen ne ya ji ciwo ba.

Na biyar na baƙin dutse ne. Wasu marasa tsoron Allah sukan rina dutse mai ruwan toka ya koma baƙi ƙirin don ya yi tsada. Ki sami farin ƙyalle, ki jiƙa shi da ruwan nan da a ke goge jan farce da shi, ki murza a kai. In ƙyallen ya yi baƙi, rini ne, kuma zai koɗe.

Bayan kin zaɓi iri, sai a duba ainihin allon da za a yanka miki, don ba allo biyu da ke zama daidai. A fito da shi rana. A shafa tafin hannu ko'ina a ji ko akwai rami ko tsaga. A duba bayansa: in an manna masa raga, alama ce dutsen yana da rauni, an yi masa tallafi ne. Sa'an nan a ɗan ƙwanƙwasa shi. Lafiyayyen dutse yana amo garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe ta ke, kamar dai yadda ki ke gwada tukunyar ƙasa kafin ki saya. Mutanen Birnin Kudu sun san wannan tun da daɗewa, don suna da duwatsun da in an buga su sai su yi ƙara kamar ƙararrawa. In an gamsu, a rubuta sunan maigida a gefen allon, kada a musanya.

Zaɓen Launi

Ido yakan tafi ga baƙi wuluk ko fari tas, amma ki yi tunanin hunturu. Baƙin dutse yawanci a matse ya ke, ba ya shan mai sosai, sai dai ba ya rufa asiri: ƙura kaɗan, garin tuwo, shatin yatsa, har busasshen ruwan rijiyar burtsatse, duk sai ya nuna. Mai haske kuwa yana ɓoye ƙura, yana kuma ƙara wa ƙaramin kici haske, amma shi ya fi saurin ɗaukar tabo. Mai ɗigo-ɗigo, ruwan toka ko ruwan ƙasa ko ja-ja, shi ne mai haƙuri da gidan 'ya'ya da yawa. Ki kai gutsuren cikin kicinki, ki dube shi da safe, ki dube shi da dare a hasken fitila. Tayil da fenti ana iya sake su, dutse kuwa in ya zauna ya zauna, don haka shi a ke fara zaɓa, sauran su bi shi.

Awo Da Nauyi

A nan ne 'yan makaranta za su taimaki iyayensu. Ku ɗauko tef ɗin awo da fensir.

Tsayin kanta da aka saba shi ne wajen santimita 90 daga ƙasa, faɗinta kuwa 60. Amma ba duka mata ne tsayinsu ɗaya ba. Uwargida ta tsaya da takalmin da ta ke girki da shi, ta lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, a rage santimita 10 zuwa 15. Wannan shi ne tsayinta. Wurin da murhu zai zauna a sassauta shi ƙasa kaɗan, don mai tuƙa tuwo tana bukatar ta fi ƙarfin tukunya.

Kaurin allo iri biyu ne, santimita 2 da santimita 3. Mai kauri 2, in tsawonsa mita ɗaya ne faɗinsa mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 54 ne. Mai kauri 3 kuwa wajen kilo 81. To, a ce kantarku tsawonta mita 3 ne, faɗinta santimita 60. Ku ninka 3 da 0.6, ya ba ku 1.8. Ku ninka 1.8 da 54, ya ba ku wajen kilo 97, kusan buhun siminti biyu ke nan. In mai kauri 3 ne, wajen kilo 146, kusan buhu uku.

Me ya sa na kawo wannan lissafi? Don ki san abin da za a ɗora wa wannan kaya. Katako mai araha, wanda danshi zai kumbura shi ko gara ta ci, ba zai riƙe shi ba. In gindin ya lotsa, dutsen zai tsage, don duk taurinsa ba ya lanƙwasa. A ƙasarmu ta gara, ginin bulo da dakalin kankare ya fi kwanciyar rai, sai kafinta ya sa ƙofofi a gaba. In za a bar leɓen dutsen ya zarce gindinsa, kada mai kauri 2 ya wuce santimita 15 ba tare da madogari ba, mai kauri 3 kuwa kada ya wuce 25.

Ki sa a dadashe bakinsa ya yi kumbo, kusurwoyi kuma a zagaye su. Kan yaro mai shekara uku ko huɗu daidai wurin ya ke, kaifin dutse kuwa ba ya tausayi. Baki mai kumbo kuma bai cika ɓantarewa ba in tukunya ta buge shi.

Wajen Ciniki

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne, ko Dei-Dei ta Abuja, ko kasuwar garinku, a tambayi wuri uku kafin a tsai da magana. Matambayi ba ya ɓata. A tabbatar da ma'aunin da a ke magana a kai, ko mita ne ko ƙafa, don nan a ke yi wa mutane wayo. A tambaya ko kuɗin ya haɗa da yanka, da gyaran baki, da huda wurin kwamin wanke-wanke da na famfo da na murhu, da dako, da girkawa. A kuma yi magana a fili: in ya fashe a hanya, asarar wa? Duk a rubuta a rasit, har da sunan dutsen da kaurinsa. A ba da kafin alƙalami, amma cikon sai an gama aiki kin duba. Mai yankan kuma shi da kansa zai zo ya yi awo bayan an gama ginin gindin, kwamin wanke-wanke da murhu suna nan a gabansa. Dutse in an yanke shi ba ya komawa.

Ranar Girkawa

A ɗauko allon a tsaye bisa gefensa, kamar yadda a ke ɗaukar gilashi. In aka kwantar da shi a mota yana iya karyewa a gargada. Wurin da ya fi rauni shi ne siririn da ya rage gaba da bayan kwamin wanke-wanke, sai a sa masa tallafi daga ƙasa. Mahaɗar allo biyu kada ta faɗa a kan wannan wuri, kuma a cike ta da gam mai launin dutsen, ba da siminti tsura ba, don kada ta zama maɓoyar datti da kyankyaso. In sun ce sun gama, ki zuba ruwa kaɗan ki gani. In ya gangara bango ko ya taru wuri ɗaya, ba a daidaita ba.

Ga wata magana da na ke so ki riƙe da kyau. Kada ki yarda a yanka dutse a bushe a tsakar gidanki. Farar ƙurar nan da ke tashi tana shiga huhu ta zauna, tana kawo ciwon da likitoci ke kira silikosis, wanda ba shi da maganin warkewa. Ƙurar kwaz na masana'anta ta fi muni, har ƙasar Ostareliya ta hana aiki da shi tun daga 1 ga Yuli, 2024, sabo da yawan masu yankansa da suka kamu. Dutsen da aka riga aka girka ba ya cutar da mai girki, haɗarin yana wajen yanka ne. Don haka a yanka a wurin aikinsu. In tilas sai an ɗan gyara a gida, a yi a waje, ana zuba ruwa, yara su yi nisa, a rufe abinci da randa, mai aikin kuma ya rufe hanci da baki da kyau. Shi ma ɗan wani ne, wataƙila mijin wata.

Yadda Za Ki Kula Da Shi

In dutsenki mai shan ruwa ne, akwai wani mai da a ke shafa masa ya toshe ƙananan ƙofofinsa, masu sayarwa suna kiransa sila. A shafa tun ranar farko. Duk shekara ki maimaita gwajin ruwa, in wurin ya yi duhu, lokacin sake shafawa ya yi.

Wankinsa ruwan ɗumi ne da sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi, sa'an nan a tsane. Ban da soson ƙarfe, ban da toka da yashi, ban da ruwan wanke masai. Abin da ya zube a goge nan take. In mai ya riga ya shiga, ki kwaɓa hodar soda ta yin burodi da ruwa ta yi kauri, ki shafa a wurin, ki rufe da leda kwana ɗaya ko biyu, za ta tsotso shi. Wani lokaci sai an maimaita.

Ki yi yanka a kan katako, don dutsen zai dakushe miki wuƙa. Wurin da ɗanyen nama ko kifi ya taɓa a wanke da sabulu kafin a ɗora wani abu. Yana jure zafi, amma ki saba ajiye tukunya bisa katako, kuma kada ki ɗora masa kurfoti da garwashi. Daka da sarar ƙashi a bar su a ƙasa inda aka san su. Kada yara su hau kai don ɗauko abu. Ki kuma yi hankali da faɗi-ka-mutu, don a wannan karo shi ne zai ji jiki.

In Hali Bai Kai Ba

'Yar'uwa, daidai ruwa daidai tsaki. Kada ki ci bashi ko ki sayar da abin wuyanki don kin gani a gidan wance. In gidan haya ki ke, kada ki girka sai kun yi magana da mai gidan a rubuce, don ranar tashi ba za ki ɗauke shi a ka ba. Ana samun tayil na giranit, ya fi allo sauƙin kuɗi, sai dai mahaɗarsa na son wanki. Ana samun ragowar yanka da araha, wanda zai isa gefen murhu ko wurin murza fulawa. Dakalin siminti da aka goge da kyau, a ke kuma wanke shi kullum, ya fi giranit mai maiƙo daraja. Amma in Allah ya hore, to a sayi mai kyau sau ɗaya, don sayen nagari mai da kuɗi gida ne.

Maƙwabciyar tawa kuwa ta shiga wani adashen. Ta ce wannan karo da lemun tsami da manja a jaka za ta tafi kasuwa.

Allah ya sa albarka a gidajenmu, ya ba mu abin da za mu dafa a kai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.